Shekarar da Inna Ta Ƙi Takaba

A Kusfa, cikin birnin Zariya, idan mace ta rasu, gidanmu ake fara aikowa kafin a sanar da dangin nesa. Inna, mahaifiyata, ita ce mai wankan gawar mata a layinmu da layukan da ke bayansa, aikin da ta gada a wurin kakarmu. Tun ina ƙarama na saba ganin ta ajiye muciya a tsakiyar tuƙi, ta yafa mayafi, ta ɗauki ƙullin sabulu da turare ta bi wanda aka aiko. In ta dawo ta yi wanka ta ƙarasa tuwonta, ba ta ba kowa labarin abin da ta gani. Ita ce kuma mai zaunar da matar mamaci ta gaya mata yadda ake takaba: ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba fita sai da lalura. Ban taɓa zaton akwai mutuwar da za ta fi ƙarfin wannan matar ba.

Baba kuwa sana'arsa manyan riguna ce. A zaurenmu yake raba wa masu ɗinkin hannu aiki, in sun gama ya kai wa mabuga, sannan ya ɗaure kayan ya nufi Kano. A shekarar korona ya tafi da kayan Sallah tun azumi bai kama ba, ya ce kwana biyu zai yi. Yana can aka rufe hanya, ba shiga ba fita. Sai ya zauna a gidan ƙanensa, Baffa, kullum bayan magariba ya kira Inna ya tambayi kowa har da tumaki. Ni ina gidan mijina a Tukur-Tukur, makarantar da nake koyarwa a rufe, ina jin labarinsa a bakinta. Da azumi ya shiga ya ce mata yana ɗan jin zazzaɓi, na sauro ne, ya sha magani. Washegari muryarsa ta dushe. Daga nan wayarsa ta daina shiga.

Babban wanmu, Yaya, wanda yake zaune da iyalinsa a gidanmu na Kusfa, shi aka kira daga Kano. Ɗan Baffa ne ya kira, don Baffan ma yana kwance bai san inda kansa yake ba. Ya ce Baba ya cika da hantsi, ma'aikatan asibiti ne suka yi masa sutura, an naɗe shi ba a bari kowa ya matso ba, kuma har an rufe shi kafin la'asar. Yaya ya kira ni yana magana kamar mai karanta labarai. Na tambaye shi Inna fa. Ya ce ya gaya mata, tana tsince wake a tsakar gida. Ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ta tambayi wa ya yi masa wanka, wa ya ga fuskarsa, da ya ce babu wanda ya gani a cikin namu sai ta ci gaba da tsince wakenta. A lokacin mun ɗauka tawakkali ne irin nata.

Ba a yi zaman makoki ba. Doka ta hana taro, masallatai ma a rufe suke. Gidan da ya kamata a ce tabarmi sun cika ƙofarsa, mata sun cika tsakar gida ana ta shigowa da kwanukan abinci, shiru yake kamar ba a yi komai ba. Gaisuwar duka a waya aka yi ta. Ni kaina a ɗakina na yi kukana, mijina yana riƙe da yara a waje.

Sai ranar da aka sassauta dokar don mutane su sayi abinci na samu na shiga birni, da ƙafa, da takunkumi a fuskata. Na iso bayan la'asar. Tun daga zaure na ji ƙamshin turaren wuta. Na yi sallama na shiga, sai ga Inna a bakin murhu tana suyar ƙosai, idonta raɗau da kwalli, tafin hannunta ja da sabon lalle, ta ɗaura atamfar da Baba ya sayo mata bara. Na tsaya da takalmi a ƙafata na kasa cirewa.

"Shigo mana, kin tsaya kamar baƙuwa," in ji ta. "Ɗauki kunun nan ki kai ɗakin Malam, ki rufe da faifai saboda ƙuda."

Malam take kiran Baba. Na ɗauki kwanon don ban san me zan yi ba. A ɗakinsa an share, an shimfiɗa buzunsa, ga dabino a ƙaramin faranti, ga butarsa cike da ruwa. Na ajiye kunun na dawo.

"Inna, takaba fa?"

"Takabar wa?"

"Inna, Baba ya rasu."

Ta juya ƙosan da ke cikin mai ɗaya bayan ɗaya kafin ta dube ni. Ba fushi a fuskarta, irin kallon da take yi mini ne in na zuba gishiri ya yi yawa.

"Ke, da hannun nan na wanke matan da ban san iyakarsu ba. Na san mutuwa. Mutuwa ana ganinta, ana taɓa ta, a ɗaure haɓa, a miƙe ƙafa. Yaro ya tsaya daga nesa ya hango abu a naɗe, an ce masa baffansa ne, shi ke nan sai in cire kwalli? In mutumin wani ne fa? In Malam yana kwance a wani asibitin bai samu mai ara masa waya ba fa? Ya dawo ya tarar na yi masa takaba yana raye?"

Matar Yaya tana leƙowa daga ƙofar ɗakinta, da muka haɗa ido ta sunkuyar da kai. Daga baya ta gaya mini kullum haka ake yi. A kai buɗa-baki ɗakin Baba, da safe Inna ta kwashe ta ba yara, ta ce jiya ma hanya ba ta buɗe ba. Yaya ya hana a gaya mini, wai zai wuce.

Na roƙi mijina na dawo Kusfa da zama. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, in ka cire maganar Baba, Inna lafiyarta lau. Ba ta manta komai, tana sallarta a kan lokaci, tana yi wa jikoki faɗa, har masu ɗinki in sun zo ita ke gaya musu inda Baba ya ajiye zare. Amma ba ta barci, da safe idonta ja kamar gauta. Ta daina amsa wayar masu gaisuwa, in an yi mata ta'aziyya ta katanga sai ta shige ɗaki. Lambar Baba kuwa tana kiranta bayan kowace magariba, ta kasa kunne har muryar nan ta ce wayar a kashe take.

Wata rana bayan Sallah, muna zaune a tsakar gida, ta kira kamar kullum, sai wayar ta shiga. Na ji ƙarar da kunnena don ta buɗe muryar wayar. Aka ɗauka, wani ya ce, "Salamu alaikum." Wallahi ni ma sai da gabana ya faɗi, don muryar Baba ce sak. Inna ta miƙe tsaye, ɗankwalinta ya zame.

"Malam! Malam, kana ina?"

Sai kuka ya biyo baya. Baffa ne. Ya fara samun sauƙi, ya sa an yi wa wayar ɗan'uwansa caji don ya nemi lambobin abokan cinikinsa. Muryarsu ɗaya tun asali, ciwon kuma ya ƙara dushe tasa. Yana cewa, "Hajiya, ni ne, ni ne, ki yi haƙuri," ita kuwa ta riga ta sauke wayar daga kunnenta tana dubanmu ɗaya bayan ɗaya, fuskarta cike da murna.

"Kun ji ko? Kun ji da kunnenku. Sun karɓe wayar ne don kada ya yi magana."

Daga ranar ba mai iya ce mata komai. Har Baffa ta sa a cikin waɗanda suke ɓoye mata miji.

Abin ya fita waje ne lokacin da wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta rasu, ciwon tsufa, an kuma fara sassauta doka. Aka aiko, Inna ta ɗauki ƙullinta, na bi ta don hankalina bai kwanta ba. Ta yi wankan tsaf yadda ta saba. Da aka zo rufe fuska da likkafani sai ta dafe hannun mai taya ta. Ta ce a kira 'ya'yan mamaciyar. Suka shigo suka yi addu'a suka fita. Ta ce a kira jikoki. Ta ce a kira maƙwabta. Maza suna waje da makara, rana tana yi, liman ya aiko a yi sauri, Inna ta zauna a gefen gawar ta riƙe bakin likkafanin gam.

"Kowa ya zo ya gani da idonsa," take cewa, muryarta tana hawa. "Ku duba da kyau, ita ce ko ba ita ba ce? Kada gobe a ce muku an rufe, ku ce to. Ku taɓa ta!"

Matar da take hana mutane ihu a gidan mutuwa, ita ce ranar aka ɓamɓare yatsunta daga likkafani, ni da babbar 'yar mamaciyar. Na riƙo ta muka bi lungu zuwa gida, mata suna leƙe ta ƙofofi. Kafin magariba magana ta zaga unguwa cewa mai wankan gawa ta taɓu, wasu suka ce gamo ta yi a wurin aikin.

Yaya ya kawo wani malami, abokin Baba tun suna makarantar allo. Ya yi mata tofi, ya ba da rubutu ta sha ba musu, ya zauna ya saurare ta har ta gaji da magana. Da ya fito zaure ya ce wa Yaya shi bai ga alamar iska ba. Ya ce a ci gaba da addu'a, amma a kai ta asibiti wurin likitocin ƙwaƙwalwa. Yaya ya ɓata fuska.

"Malam, uwar tawa zan kai wurin mahaukata? A ce me a garin nan?"

"An riga an ce," in ji malamin. Ya sa takalminsa ya tafi.

Yaya bai yarda ba. Shawarar da ya yanke ita ce, tunda an buɗe hanya, mu kai ta Kano ta ji daga bakin Baffa ido da ido. Inna ta fi kowa murna. Ta yi dambun nama ta ƙulla, ta ɗauki wankakkiyar rigar Baba da hularsa, wai waɗanda ya tafi da su sun yi datti.

Baffa ya rame har na kusa kasa gane shi. Ya fito da kayan Baba, carbinsa, tabarau, takalmi, da ɗaurin rigunan da ba a sayar ba. Inna ta dube su ta ce kaya ai ba mutum ba ne. Yaya da ɗan Baffa suka tafi maƙabarta, mu muka jira a gida. Da suka dawo Yaya ya ja ni gefe. Ya ce mai haƙar kabarin ya nuna musu jeri guda mai tsawo, ya ce a tsakanin nan da can ne, amma ba zai rantse a kan ko wanne ba, don a kwanakin can ba su san iyakar waɗanda suka rufe ba. Na ce kada ya kuskura ya faɗa wa Inna.

Matar Baffa ce ta ce, to ko a kira mai adaidaita sahun da ya ɗauke shi? Duk muka juya muka dube ta. Ashe ranar, da numfashin Baba ya tsananta, wani maƙwabcinsu mai adaidaita ne ya ɗauke shi shi kaɗai, ɗan Baffa ya biyo baya da ƙafa yana neman abin hawa. Ba wanda ya taɓa tambayar mutumin abin da ya faru a hanya, shi ma bai taɓa zuwa ya faɗa ba.

Aka kira shi. Magidanci ne, ba zai wuce sa'ar Yaya ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaida Inna. Ya ce asibitin farko sun tarar da ƙofa a rufe, na biyu aka ce ba gado. A hanyar na uku ya ji Baba ya daina tari, sai ya tsaya a gefen titi ya koma baya ya tallafo kansa.

Inna ta gyara zama. Muryarta ta koma irin wadda take yi a gidan mutuwa, a hankali, ba rawa.

"Ɗana, ka ga fuskarsa?"

"Na gani, Hajiya. A cinyata kansa yake."

"Ya yi magana?"

"Ya yi kalmar shahada, na taya shi. Sau biyu ya ja numfashi bayan nan."

"Idonsa fa?"

"A buɗe suka tsaya, sun bi sama. Ni na shafe su. Na cire rawanin da ke wuyansa na ɗaure masa haɓa, don na ga haka ake yi."

"Ka taɓa ƙafarsa?"

"Da na zo gyara masa kwanciya. Ta yi sanyi tun kafin sauran jikin. Akwai wani tsohon tabo a idon sawunsa na hagu, kamar na ƙuna."

Tabon salansar babur ne, tun ina goye. Inna ta daɗe tana kallon mutumin. Sannan ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ka yi daidai." Ta sa gefen mayafinta ta fara goge kwallin idonta, tana gogewa da ƙarfi har fatar ta yi ja. Sai wani sauti ya fito daga ƙirjinta wanda ban taɓa ji a bakin ɗan Adam ba, ta kife a kan tabarma. Mai adaidaitan shi ma ya fashe da kuka. Yana kuka yana cewa Baba ne na farko, amma ba shi ne na ƙarshe da ya cika a bayan kekensa ba a wancan watan. Ya ce ya sayar da keken, don in ya duba madubi gani yake akwai mutum kwance a kujerar baya, kuma rabonsa da barcin kirki tun azumi. Matarsa ma bai gaya wa ba. Mu da muka zo daga Zariya mu ne na farko da muka ji.

Na ɗauka mun dawo da waraka. Ashe wani sabon ciwon ne ya fara. Malamin ya ce kwanakin takaba daga ranar rasuwa ake lissafa su, sun kusa cika, ba sai ta sake ba. Inna ta ce ita a wurinta shekaranjiya ya mutu, ta fara daga farko, ba wanda ya hana ta. Sai dai abin ya wuce takaba. Ta daina cin abinci sai an matsa, ta daina magana, ta juya fuska bango. Jikokin da take yi wa faɗa suna shiga su fita ba ta san sun shigo ba. Wata safiya ina ba ta koko a baki kamar jaririya ta ce mini, "Na bar shi wata da watanni ba addu'ar mamaci. Mace irina ta cancanci ta rayu?" Na ajiye kofin na je na samu Yaya a zaure na maimaita masa maganar. Ya tashi ya nemo motar da za ta kai mu asibitin da malamin ya faɗa.

Ina tsammanin zan tarar da mutane a ɗaure ana ihu. Abin da na tarar benci ne cike da mutane masu tsabta, kowa riƙe da katinsa yana jiran layi, kuma na san fuskoki a ciki. Ga wani tela na Ƙofar Kuyambana da ya taɓa yi mini ɗinkin biki, yatsunsa sun yi fari sun tsattsage saboda wanke hannu. Ga wata malama da muke koyarwa tare, wadda aka ce mana hawan jini ne ya hana ta dawowa aiki da aka buɗe makarantu. Muka haɗa ido, ta ɗauke kai, can kuma ta matso ta gaida Inna, ta ce mini a hankali ita ƙofar gida ce ba ta iya fita, in ta ga taro sai numfashinta ya ɗauke. Na zauna ina ta kallon bencin nan. Duk a gari ɗaya muke, muna gaisawa a hanya, kowa yana cewa lafiya lau.

Likitar mace ce, ba ta yi gaggawa ba. Ta kira Inna Mama, ta bar ta ta yi shirunta, sannan ta tambaye ta yadda ake wankan gawa, wai ita ba ta sani ba. A nan Inna ta buɗe baki. Likitar ta ce mana ciwon damuwa ne mai tsanani, yana da magani, kuma tun da annobar nan ta lafa irinsa suke ta gani. Ta rubuta ƙwayoyi ta ce mu riƙa dawowa. Muna shirin fita ta dube ni ta ce, "Ke fa, kina barci?" Na buɗe baki in ce lafiya lau, sai na ji hawaye yana zuba a kan hijabina. Ni ma da kati na fito ranar.

Sauƙin bai zo da sauri ba. An canja mata magani, an yi makonnin da muka ce ta warke sai kuma ta koma ɗaki. Yaya da ya fi kowa ƙin asibitin shi ya koma mai tuna mata ranar zuwa. Yanzu shekaru sun shuɗe, ta daina shan ƙwayoyin, ta yi ƙiba, faɗanta ya dawo har ya fi na da. Wankan gawa dai ba ta koma ba, wasu mata biyu ta koya wa da baki, su ake aikawa yanzu.

Kwanakin baya na je Kusfa da rana na tarar ba ta nan. Matar Yaya ta ce ta fita tun safe da wata mai sayar da fura da ke zuwa daga ƙauye, wadda ɗanta ya daina magana da kowa tun shekarar korona, ya kulle kansa a ɗaki. Dangi sun gama yawon masu magani da shi. Inna ce ta ce su zo da shi ta raka su, don ta san ƙofar da ake shiga da inda ake yankar kati. Sai bayan la'asar ta dawo, ƙafarta ta kumbura, tana mitar tsadar mota. Na tambaye ta yaya jikin yaron. Ta ce an gan shi, an ce su koma wani watan, sannan ta ce in miƙo mata ruwa ta yi alwala kada lokaci ya fita.